Baba yana shan maganin suga, amma cinyoyinsa sai zubewa suke yi

Ɗan Zangon Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifina. Shekarunsa 63, kuma shekara shida ke nan da aka tabbatar yana da ciwon suga. Mahauci ne, ya yi fiye da shekara talatin a mayankar Oko-Oba, a da shi kaɗai yake saɓa cinyar bijimi ya kai mota. Juma'ar da ta wuce muna sahu ɗaya, da liman ya miƙe zuwa raka'a ta biyu sai na ga Baba ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya yunƙura bai tashi ba, ya sake yunƙurawa, sai da ya kama gefen rigata. Wallahi ban san abin da aka karanta a raka'ar nan ba. Da muka koma gida na lura da shi sosai: agogonsa yana zamewa har bayan hannu, damtsensa fata ce ke reto, cinyoyin sun tsotse, amma tumbin yana nan yadda yake. A sikeli kuma kilo uku kawai ya rage, daga 74 zuwa 71. Yana shan ƙwayoyinsa, sai dai in an auna sugan jininsa da safe kafin ya karya, 230 ko 250 ake gani. Shin sugan ne ke cin namansa, ko wani abu ne daban?

Mai Tumatir Mile 12:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Me yake ci? Fara gaya mana wannan.

Ɗan Zangon Agege:
Amin, na gode. Da safe kunu da biredin Agege, rana da dare tuwon alkama da miya. Nama ya daina tun bara, wani abokinsa ya ce masa mai suga ba ya cin nama da ƙwai. Wake ma ya bari. In ya ji jiri sai ya aiki yaro ya sayo masa maltina, wai tana ƙara jini.

Maman Ummi Obalende:
Innalillahi. Mahauci guda a hana shi nama, a bar shi da biredi da lemon kwalba? Ai an gudu ba a tsira ba.

Baban Yara Ijora:
Ni dai ina ganin a haɗa da addu'a da rubutu. Mutum yana kasuwa shekara talatin, ba ya rasa mahassada. Ramar da ta bar ciki ta kama cinya ba ta yi mini kama da ta asibiti ba.

Sista Idi-Araba:
Alhaji, addu'a kam ba mai hana ta, kullum muna cikinta. Amma wannan siffa da ya faɗa, tumbi a gaba da ƙafafu kamar sillen kara, ita ce muke gani kowane mako a wurin masu suga da ya daɗe bai sauka ba. Ba baƙuwa ba ce ko kaɗan. Kuma ku lura da abin da sikeli ya yi masa: kilo uku ya nuna, alhali naman da ya zube ya fi haka, kitse ne ya cike gurbin. Shi ya sa iyali ba sa farga da wuri. Sai ranar da dattijo ya kasa tashi daga tsugune a banɗaki, ko murfin kwalba ya gagare shi buɗewa.

Dokta Surulere:
Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in yi bayani dalla-dalla, don tambayar ta shafi gidaje da yawa a nan.

In mutum ya ci abinci, sukari ya shiga jini, sinadarin insulin ne ke buɗe masa ƙofa ya shiga inda za a yi amfani da shi. Babban rumbun da ke karɓar wannan sukari kuwa tsoka ce. A lokacin da insulin ke aikinsa, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na sukarin da ake kwashewa daga jini tsoka yake tafiya. To insulin ba ƙofa kaɗai yake buɗewa ba, shi ne kuma yake hana jiki rushe furotin ɗin da aka gina tsoka da shi. In ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai abu biyu su faru tare: sukari ya taru a jini ba shi da wurin shiga, jiki kuma ya ɗauka yunwa ake yi, ya shiga warware tsoka yana aika wa hanta, hanta tana mayar da ita sukari tana ƙara zubawa a jinin da ya riga ya cika. Kamar mai ɓalle azarar ɗakinsa yana hura wuta, alhali itace na jibge a ƙofar gida.

Sannan in sukarin jini ya haura wajen 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi duka, sai ya bi fitsari. Shi ya sa kiyashi ke taruwa a inda mai suga ya yi fitsari. Abincin da Baba ya ci, wani kaso a masai yake ƙarewa. Mai 240 tun kafin ya karya, ka ƙiyasta inda yake kaiwa bayan kunu da biredi.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon yana ciyar da kansa. Tsoka ta ragu, rumbu ya ƙanƙance, sukari ya rasa wurin zuwa ya ƙara hawa, hawansa ya ƙara cin tsoka. Ga kuma shekaru: daga 30 zuwa sama mutum yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara goma, bayan 60 abin yana ƙara gudu. Suga yana zuwa ne ya tarar da gangara, ya tura.

Direban Apapa:
Likita, ranka ya daɗe, ina da ja. In tsoka ce ke shanye suga, me ya sa 'yan dako da masu turin kura suke kamuwa? Na san mutum biyu a Mile 12, buhun albasa suke ɗauka tun asuba, jikinsu kamar an sassaƙa, duk suna da shi.

Mai Tumatir Mile 12:
Ka zo ka ga abin da suke ci, Direba. Biredi guda da lemo biyu kafin azahar, da yamma shinkafa tsibi, shayi da sukari cokali biyar. Kuma yawanci sai sun ajiye dako sun zama dillalai ciwon ke bayyana, cin bai ragu ba, aikin ya tsaya.

Dokta Surulere:
Tambayarka a kan hanya take, Malam Direba. Tsoka garkuwa ce, amma ba ta soke gado, ba ta soke abin da ake zuba wa ciki. Akwai kuma waɗanda matsalarsu ba taurin kan jiki ba ce, gaɓar da ke samar da insulin ɗin ce ta gaza, wato fankiriyas da ke bayan tumbi. Irin waɗannan ko siriri ne mai ƙarfi zai kamu. Abin da Mai Tumatir ya faɗa ma gaskiya ne, kuma ya shafi Baba kai tsaye: mutumin da ya shekara talatin yana saɓa nama, yau yana zaune a benci. Tsokar da ba a sa ta aiki, jiki ba ya ganin dalilin ciyar da ita.

Direban Apapa:
To wannan ta shige ni. Mu da muke kwana uku a layin shiga tashar jirgin ruwa, daga kujerar mota sai tabarma a ƙarƙashin tirela. Bara aka auna ni aka ce 112, wai ban kamu ba amma ina bakin ƙofa.

Sista Idi-Araba:
Haka ne. Awon safe kafin a ci komai, daga 100 zuwa 125 bakin ƙofa ne, 126 zuwa sama in an maimaita an sake gani, an shiga. Kai yanzu ne lokacinka, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ukun nan da kake yi a layi, sauka ka zagaya motarka bayan kowane cin abinci, minti goma ko sha biyar.

Ɗalibin Akoka:
Dokta, ni tambayata ita ce, sukarin da kansa yana ɓata tsoka, ko dai rashin insulin ne kawai? Don na ga kamar ana haɗa su wuri ɗaya.

Dokta Surulere:
Duka biyun. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kobe ta Japan sun nuna, a jikin ɓeraye, cewa hawan sukari shi kansa yana sa wani furotin mai suna KLF15 ya taru a tsoka, taruwarsa kuma tana sa ta shanye. Ɓerayen da aka cire wa wannan furotin a tsokarsu ba su yi asarar ba duk da sukarinsu ya hau. A ɓera aka gani, kada wani ya je kemis neman maganinsa. A jikin mutum akwai wasu hanyoyin da muka daɗe da sani: sukari mai yawa yana lalata ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da tsoka, yana kuma lalata jijiyoyin da ke ba ta umarni. Tsokar da jijiyarta ta mutu bushewa take yi. Ku duba tafin ƙafar wanda ya daɗe da suga, za ku ga yatsun sun tanƙware, tsakanin ƙasusuwan ya rame.

Malam Ɗan Zango, tambaya: ramar cinyar ɓangare ɗaya ta fi, ko duka biyu daidai? Akwai ciwo mai tsanani a cinya ko ƙugu, musamman da dare? Yana tari ko zufar dare?

Ɗan Zangon Agege:
Duka biyu ne, Likita. Ciwo babu, sai dai ya ce tafin ƙafarsa yana masa kamar yana taka auduga. Tari yana ɗan yi da asuba.

Dokta Surulere:
Na tambaya ne don akwai wani nau'i da ke farawa da azabar ciwo a cinya ɗaya, sannan ta shanye cikin 'yan makonni, shi kulawarsa daban. Taka audugar nan kuwa alamar jijiya ce, a riƙa duba ƙafarsa kullum, kada ya yi yawo ba takalmi. Tarin kuma kada a raina shi. Mai suga ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka, shi ma yana ramarwa, kuma gwajinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Ka kai shi babban asibiti, asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja bai yi muku nisa ba. A yi masa HbA1c, gwajin da ke nuna yadda sukari ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, a duba ƙoda, a duba ƙirji. In ya daɗe yana shan ƙwayar suga ta metformin a auna bitamin B12, don doguwar shansa tana iya rage shi, ƙarancinsa kuma yana taɓa jijiya. Ba zan canza masa magani daga nan ba, amma 240 kullum yana nufin abin da yake sha bai isa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni tsakani da Allah asibitin nan wahala ne, a tashi tun asuba a bi layi. Maƙwabciyata ruwan shuwaka da zogale take sha, ta ce sugan ya sauka. Kuma in don rama ce, ai akwai ƙwayoyin da ke sa cin abinci, mutum ya murmure cikin sati biyu.

Maman Ummi Obalende:
Hajiya, don girman Allah kada ki sake ba wani wannan shawarar. Ni ta faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Bayan na yaye Ummi na rame, mata suka yi ta magana a gidan biki, wata ta kai ni wani kemis aka haɗa mini sha-ka-fashe. Wata huɗu ina sha. Fuskata ta yi tulu, wuyana ya cika, kowa na cewa na yi kyau. Amma ɗakinmu a hawa na biyu yake, sai na ga ina hawa ina riƙe bango, in na tsuguna wanke-wanke sai an miƙo mini hannu. Ƙishirwa kamar in shanye randa. Da aka auna ni, 310. Likita ya karɓi ƙullin ƙwayoyin ya ware wata ƙarama ya ce dexamethasone ce, ita ta tayar da sugan, ita ta cinye mini cinya, kumburin fuskar kuma ba lafiya ba ce. Ko dainawa bai bari na yi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa rage mini, ya ce yankewa farat ɗaya tana iya kashe mutum. Yau shekara uku ina kan maganin suga. In aka ba dattijon da ke da 240 irin wannan, me ake so ya faru?

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya ba ki haƙuri, ƙanwata, ban san haka abin yake ba. Na janye ta ƙwaya. Amma zogale fa ban janye ba.

Sista Idi-Araba:
Zogale a kwaɗo da ƙuli-ƙuli abinci ne mai kyau, Hajiya, a ci. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ajiye magani saboda shi. Maƙwabciyarki ta auna ta gani, ko ji ta yi a jikinta?

Bari in koma kan kwanon Baba, don nan ne gyaran ya fi sauƙi. Tuwon alkama da mutanenmu suka ɗauka magani ne, shi ma sitaci ne, in aka ci malmala uku sukari zai hau. Kunu kuwa ya fi tuwo saurin shiga jini tunda an riga an dama shi. Maltina ba ta ƙara jini, sukari ce a kwalba. Jirin da yake ji, a auna kafin a ba shi komai. In ƙasa da 70 ne, to lallai a ba shi abu mai zaƙi nan take. In 250 ne aka ƙara masa maltina, an zuba fetur a wuta.

Abin da tsoka ke nema furotin ne. Ga dattijo mai lafiyar ƙoda, ana so ya samu giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato Baba wajen giram 70 zuwa 85. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Yankan kifi ko nama marar kitse kamar tafin hannu, wajen 20. Kofin dafaffen wake, wajen 13. Kuma a raba shi safe, rana, dare, kada a tara a cin dare. Na ce mai lafiyar ƙoda, a jira sakamakon gwaji tukuna, don in ta taɓu lissafin ya canza.

Baban Yara Ijora:
Sista, kina lissafi kamar ba a Legas kike ba. Wa zai iya ƙwai da kifi sau uku a rana yanzu? Mai iyali takwas a ɗaki ɗaya?

Mai Tumatir Mile 12:
Alhaji, kuɗin maltina ɗaya da biredi ai ya sayi ƙwai biyu. Ga awara, matanmu na yi a kowane lungu na Agege. Ga alale, ga wake da ɗan manja ba tare da biredin ba, ga busasshen kifi a miya, ga kindirmo in ba a zuba sukari ba. Kuma gidan mahauta ne fa, in nama ya gagari kowa bai gagare su ba.

Baban Yara Ijora:
Gidansu na yarda. Ni ina maganar sauranmu ne. Ganda dai ita talaka ke iya saya.

Sista Idi-Araba:
Ganda tana cika baki, amma furotin ɗinta ba irin mai gina tsoka ba ne sosai. Da kuɗin gandar a sayi waken suya a yi awara a gida, ta fi ta nesa ba kusa ba. Tsadar kam ban musa ba, Alhaji, ni ma kasuwar nake zuwa.

Fisiyo Ikeja:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Ko an ba Baba rago guda, in tsokar ba ta yi aiki ba, ba za ta dawo ba. Kuma albishir ɗin shi ne, tsokar da ke motsi tana jan sukari daga jini ko da insulin bai isa ba, tana da tata ƙofar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Tafiya kaɗai ba ta wadatar, sai an sa wa tsoka nauyi.

Malam, yi masa wannan gwajin yau. Kujera mai ƙarfi a jingine da bango, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar, kai kana duba agogo kana tsaye kusa da shi. In ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafa ya ragu. Ka karɓi tef ɗin tela ka auna sha-raɓarsa inda ta fi kauri, ƙasa da santimita 31 alama ce. Ka rubuta, bayan wata biyu a sake. Gwajin kuma shi ne atisayen: tashi da zama sau takwas, a huta, a sake, safe da yamma. Ya dafa bango ya yi ɗage a kan yatsu. Ya ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu, in ta yi sauƙi a koma ƙaramar jarka. Duk a cikin ɗaki, mata ma ba sai sun fita ba. Na ga 'yan shekara 80 da suka ƙara ƙarfi da wannan. Amma a fara bayan likita ya gan shi, don sukari in ya yi hawan da ya wuce kima ba a son a wahalar da jiki.

Baban Yara Ijora:
Ai salla biyar ma motsa jiki ce.

Fisiyo Ikeja:
Tana motsa gaɓoɓi, Alhaji, kuma tafiya masallaci sau biyar ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga shi sallar ce ta fara gagarar Baba. So muke ya samu ƙarfin da zai yi ta a tsaye, kada a kai ga ajiye masa kujera a ƙarshen sahu.

Ɗan Zangon Agege:
Salam jama'a, na dawo bayan sati biyu. Mun je asibiti. HbA1c ɗinsa 10.4, likita ta ce 6.5 ma an shiga ciwo, kuma so take a sauko da shi wajen 7 ko sama kaɗan saboda shekarunsa. Ƙoda lafiya, ƙirji lafiya, alhamdu lillahi. B12 ya yi ƙasa, an rubuta masa. Gwajin kujera kuwa bai iya ba sai da ya dafa gwiwa, daƙiƙa 24. Sha-raɓa 30. An daina maltina, Inna tana masa alale da safe, ƙannena na kawo nama daga mayanka, ranar farko da aka ajiye masa sai da ya yi shiru yana kallon kwanon. Matsalar yanzu ita ce an ƙara masa allurar insulin da dare, ya ce shi ba zai yi ba. Wai amininsa da aka fara yi wa allura bai shekara ba ya rasu. Kuma ya ce ina za mu ajiye ta, mu da wuta ba ta zama.

Sista Idi-Araba:
Wadda ake cikin amfani da ita tana yin wajen kwana 28 ba firji, muddin ba ta sha rana ko zafin da ya wuce digiri 30 ba. A sa ta a leda a ɗaure, a ajiye a jikin randa ko cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi. Kada a sa ta a ƙanƙara. A riƙa saye ɗaya-ɗaya. Amininsa kuwa, Allah ya jiƙansa, yawanci mutanenmu sai ciwo ya gama cin ƙoda da zuciya suke yarda da allurar, sai a ɗora mata laifin.

Alhaji Mai Goro:
Yaro, ban taɓa magana a nan ba sai yau. Shekaruna 68, shekara tara ina yi wa kaina allurar nan a ciki kowane dare. Kafin in fara sai da na koma kamar sanda, wandunana duk aka rage musu ƙugu, gadar sama ta Oshodi sai na huta sau uku kafin in haye. Yanzu da ƙafata nake zuwa kasuwa. Mahaifinka ba zai ji daga bakinka ba, ɗa ba ya gaya wa uba irin wannan ya karɓa. Ni ma a Agege nake. Turo mini kwatancen gidan ta akwatin sirri, gobe in Allah ya kai mu in na idar da isha'i zan zo da tawa allurar, in yi a gabansa ya ga tsawon bakinta.

Ɗan Zangon Agege:
Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na tura. In kun iso bakin layin ku kira ni in fito in tarye ku, akwai kwata a ƙofar gidan kuma ba fitila.